Darasin Kimiyya: Awo da Ƙidaya a Aikin Kare Haƙƙin Ɗan Adam

Manufar darasi

Ɗalibai, an saba barin maganar haƙƙin ɗan Adam a ajin shari'a ko na tarihi. Yau mun jawo ta ajin kimiyya, kuma da dalili. Duk mai rajin kare haƙƙi da ya shiga ofishin hukuma da kokensa, tambayoyi uku ke jiransa: me ya faru, mutum nawa abin ya shafa, kuma yaya aka yi ka sani? In ya kasa amsawa, za a ba shi haƙuri, a ce za a duba, a raka shi bakin ƙofa. Amsar tambayoyin nan kuwa aikin ɗakin gwaji ne da na lissafi.

Misalin da za mu bi na gida ne: gubar dalma da ta hallaka yara a Jihar Zamfara a 2010, da fafutukar da aka yi har aka tsabtace garin Bagega a 2013. Kafin mu tashi, ina so kowannenku ya iya bayyana yadda dalma ke lahanta yaro, ya iya ƙiyasta adadin mutanen da babu su a kowace rajista, ya kuma san bambancin koke da buƙata.

1. Wane haƙƙi, kuma a wuyan wa yake?

Nan ba za mu daɗe ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ranar 10 ga Disamba, 1948, amma yarjejeniyoyin da suka biyo baya su ne suka ɗora wa gwamnatoci nauyi a rubuce. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 ta ambaci haƙƙin lafiya a sashe na 16, da haƙƙin muhalli mai kyau a sashe na 24, kuma Najeriya ta mayar da ita dokar ƙasa a 1983. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta wajabta kula da lafiyar yaro a sashe na 24. Sai ku riƙe wani abu guda da zai yi mana amfani can gaba: a tsarin mulkin Najeriya, ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa suna hannun Gwamnatin Tarayya. Wanda bai san wannan ba zai ƙare ƙarfinsa a ƙofar shugaban ƙaramar hukuma, alhali makullin yana Abuja.

2. Abin da dalma ke yi a jikin yaro

Bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008, farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi. Manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka karkata ga haƙar zinare, don abin da dutse ke bayarwa ya ninka abin da gero da dawa ke kawowa. Sai a haƙo dutsen, a kawo shi gida a buhuna, a farfasa da guduma ko a daka a turmi, a kai injin niƙa irin na gari, a wanke, a shanya a tsakar gida. Abin da ba su sani ba shi ne dutsen da suka tarar a wannan karon cike yake da dalma.

Ku bi ƙurar da idonku. Tana tashi daga bakin injin, ta sauka a daɓen ɗaki, a tabarma, a kan hatsin da aka shanya, a murfin randa. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa. In yaron yana fama da yunwa, ko jikinsa na da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na kalsiyam, tsotsar ta fi haka yawa.

Jiki ba shi da wani amfani da dalma, amma yana rikita ta da kalsiyam. Saboda haka yakan ajiye ta a ƙashi da haƙori, inda za ta yi shekaru masu yawa. Tana toshe sinadaran da ke haɗa jan jini, sai yaro ya yi fari fat da ƙarancin jini. Mafi muni, tana ratsawa ta shiga ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. In ta yi yawa sai amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai doguwar suma. Wanda ya tsira yakan tashi da makanta, ko shanyewar gaɓoɓi, ko raunin fahimta da ba ya warkewa.

Matsalar ita ce waɗannan alamomi sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, sun kuma yi kama da na sanƙarau. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke yawon sa ido kan ɓarkewar sanƙarau, suka samu labarin yara na ta mutuwa a wasu ƙauyuka. Aka ba da maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta, bai yi aiki ba. Daga baya aka tuna cewa tun kafin yaran su fara faɗuwa, agwagin garuruwan sun riga sun fara ƙarewa, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Sai da likitocin suka lura da injinan niƙan dutse, suka aika jinin wasu yara ɗakin gwaji a Jamus, sannan gaskiya ta fito.

Ku tsaya ku yi tunani. Da a ce wani mai kishi ya tashi a wannan wata na Maris, ya tara jama'a yana neman a raba gidan sauro, da niyyarsa mai kyau ce, da ƙila ma an ba shi, kuma da yaran sun ci gaba da mutuwa. Kuskuren gano cuta yana haifar da kuskuren buƙata.

3. Awo iri uku

Na farko awon jini ne. Ana auna dalma da maikirogiram a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya bisa goma na lita. Babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutarwa. A 2010 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, tana ɗaukar 10 a matsayin abin damuwa, ta sauke shi zuwa 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021. Daga 45 zuwa sama ake fara ba yaro maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Jinin da aka aika Jamus duk ya haura 100. Ƙaramar na'urar da ake ɗauka zuwa ƙauye, LeadCare II, ƙarshen karatunta 65 ne, in jini ya wuce nan sai ta nuna alamar cewa ya fi ƙarfinta. A Zamfara haka ta yi ta nunawa, yaro bayan yaro, har sai da masana suka fito da hanyar sirka jinin da wani jini mai tsabta, a auna, sannan a ninka sakamakon. Ku lura da wannan sosai: kowace na'ura tana da iyaka, kuma mai rubuta rahoton gaskiya yakan faɗi iyakar.

Na biyu awon ƙasa ne. Ana amfani da na'urar hannu mai harba hasken eksire a ƙasa, kowane ma'adini ya mayar da nasa irin hasken, ta karanta. Ma'aunin Amurka na lokacin ga filin wasan yara shi ne miligiram 400 na dalma a kilo ɗaya na ƙasa. A wasu wuraren sarrafa dutse a Zamfara an samu sama da miligiram 100,000. Ku lissafa: giram 100 ke nan a kowane kilo, kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce zalla, ninki 250 na ma'aunin.

Na uku shi ne ƙidayar rai, kuma a nan masu fafutuka suka fi tuntuɓe. A watannin Mayu da Yuni na 2010 tawagar CDC da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu. Sun shiga gidaje 119. Suka tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. A cikin 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai 45 ko sun wuce. Kusan kashi biyu bisa uku na gidajen ana sarrafa dutse a cikinsu.

Lamba 118 ita kaɗai ba ta isa hujja ba. In a birnin Kano ne, jami'i zai ce ai yara na mutuwa kullum. Da aka ɗora ta a kan 463, sai ta zama yaro ɗaya cikin huɗu, kuma wannan babu mai iya kawar da kai daga gare shi. Don haka duk lokacin da kuka ji an ambaci adadi, ku tambaya: cikin mutum nawa, a wane wuri, daga yaushe zuwa yaushe? Jimillar da aka ƙiyasta a farkon annobar ita ce yara kimanin 400.

4. Waɗanda ba su shiga rajista ba

A ƙauyuka biyu ana iya bin gida-gida. To yaya za a yi a ƙasar da aka yi shekara 20 ana yaƙi, mutane sun watse, wasu iyalan ma babu wanda ya rage ya ba da labari? Akwai dabarar da masana kifi suka fara amfani da ita tun ƙarshen ƙarni na 19. A kama kifaye a tafki, a sa musu alama, a sake su. Bayan kwana biyu a sake jefa koma. In yawancin na biyun masu alama ne, kifin tafkin ba shi da yawa. In masu alama 'yan kaɗan ne, akwai da yawa da ba a taɓa kamawa ba.

Mu gwada da lambobin da na ƙirƙira don darasi kawai. A ɗauka asibiti ya rubuta sunayen mutum 60 da suka rasu a wani rikici, limamai kuma sun rubuta 50 da suka yi wa sallah. Da aka jera takardun biyu, sunaye 30 sun fito a duka biyun. Sunayen da aka sani ke nan 60 a tara da 50 a cire 30, wato 80. Ƙiyasin jimilla kuwa: a ninka 60 da 50, a raba da 30, ya ba da 100. Ma'ana akwai kimanin mutum 20 da ba asibiti ba liman, babu wanda ya rubuta su.

Dabarar tana da sharaɗi: shigar suna a takarda ta farko kada ta ƙara masa damar shiga ta biyu. A zahiri sharaɗin ba ya cika sosai. Mutumin gari sananne zai shiga duka biyun, baƙo ko mazaunin ruga mai nisa ba zai shiga ko ɗaya ba, sai ƙiyasin ya yi ƙasa da gaskiya. Shi ya sa masana ke neman takardu uku ko fiye, don su auna yadda suka jingina da juna.

Haka Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta ƙasar Peru ta yi. A rahotonta na 2003 ta ƙiyasta cewa mutum 69,280 aka kashe ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2000, fiye da ninki biyu na abin da aka saba faɗa. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda abin ya shafa masu magana da harshen Kecuwa ne ko wani harshen asali, talakawan kan duwatsu da jaridun babban birni ba su cika ƙirgawa ba. Har yau masana na muhawara kan wasu sassan lissafin, kuma hakan ya yiwu ne saboda hukumar ta bayyana hanyar da ta bi, kowa na iya dubawa.

A ganina babu abin da ya fi cutar da mai gaskiya irin ƙarin gishiri. In mutum 80 ka tabbatar, ka ce 80, ka ƙara da cewa ƙiyasi ya nuna kusan 100. Ranar da ka ce 500 don a ji tausayi, ka ba wanda ake zargi abin da yake nema: zai ƙaryata 500, ya haɗa da 80 ɗin ya binne.

5. Daga hujja zuwa buƙata

Mu koma Zamfara. Maganin da MSF ke bayarwa yana fitar da dalma daga jini, amma in yaro ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, jininsa zai sake cika. Saboda haka tsarin aikin a jere yake: a fitar da sarrafa dutse daga cikin gari, a tsabtace ƙasa, sannan a yi magani. Sarakuna da hakimai sun taimaka ƙwarai wajen na farko. Na biyu kuwa aikin fartanya da shebur ne: a kankare saman ƙasar gida 'yan santimita, a kwashe a binne a rami na musamman, a zuba ƙasa mai tsabta, a sake aunawa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta, mutanen garuruwan suka yi aikin. Tsakanin 2010 da 2011 aka tsabtace ƙauyuka bakwai, cikinsu har da Dareta da 'Yargalma da Abare. Bagega, wadda ta fi su girma, ta rage, don kuɗi sun ƙare. Yara kimanin 1,500 suna can suna jira, likitoci na kusa amma ba halin fara magani.

A watan Fabrairun 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da bincikenta kan lamarin. A watan Mayu aka yi taro a Abuja, inda aka nemi Gwamnatin Tarayya ta saki naira miliyan 850 da ta yi alkawari. Watanni suka shuɗe, kuɗi shiru. Sai wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa shirin Follow The Money don bin diddigin kuɗin. Suka je Bagega, suka ɗauko hotuna da bayanan iyaye, suka yaɗa a Twitter da taken ceto Bagega. Aka kuma yi ta tura wa Shugaba Goodluck Jonathan saƙo a shafinsa na Facebook. Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, ya je garin da kansa. A ƙarshen watan Janairun 2013 aka amince da sakin kuɗin, aikin tsabtacewa ya fara, kuma cikin shekarar MSF ta fara ba yaran Bagega magani.

Ku dubi ƙirar abin da suka nema. Ba su ce "a taimaka wa Zamfara" ba, wanda kowane jami'i zai amsa da "in sha Allahu" ya wuce. Sun ambaci adadin kuɗi, sun ambaci wanda sa hannunsa ake jira, sun tuna masa alkawarin da ya fito daga bakin gwamnatinsa, sannan akwai wa'adin da kimiyya ta yanka: in damina ta sauka hanya ta lalace, ruwa ya kwashi gubar ya watsa, aikin kankare ƙasa ya tsaya. Buƙata irin wannan ana iya duba ta a ce an yi ko ba a yi ba. Koke kuwa ba shi da ranar cika.

Hotuna ma sun yi nasu aikin. Binciken masanin halayyar ɗan Adam Paul Slovic da abokan aikinsa ya nuna mutane sun fi buɗe hannu in an nuna musu yaro guda da labarinsa, fiye da in an karanta musu alƙaluma. To amma yaron nan ɗan wani ne. Ba a ɗaukar hotonsa sai da yardar iyayensa, bayan an faɗa musu inda hoton zai je, kuma in ambaton suna zai jawo wa mai ba da shaida fitina, sai a sakaya.

6. Shin fafutukar ce ta jawo nasarar?

Ɗalibin kimiyya dole ya yi wannan tambaya ko da amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Kuɗi sun fito bayan gangamin intanet, gaskiya ne. Amma abu ya biyo bayan abu ba ya nufin shi ya haifar da shi. Kafin gangamin akwai awon shekara uku, akwai matsin lambar MSF, akwai rahotanni, akwai sanata. Ba mu da Bagega ta biyu da za mu bari ba gangami don mu kwatanta. Abin da za mu iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne gangamin ya samu abin dogaro ne saboda alƙaluman sun riga sun tsaya da ƙafarsu.

Masu nazarin siyasa sun gwada amsa tambayar da ƙasashe da yawa. Emilie Hafner-Burton ta duba ƙasashe 145 daga 1975 zuwa 2000, ta wallafa sakamakon a 2008. Ta tarar cewa kunyata gwamnati a idon duniya ba kullum yake gyara ta ba: wasu sukan sassauta ta wani gefen, kamar shirya zaɓe, su ci gaba da zalunci ta wani. Saboda haka bin diddigi bayan alkawari rabin aikin ne.

Akwai kuma buƙatar da ke da daɗin faɗa amma ba ta aiki. An sanar da haramta haƙar zinare, ba ta tsaya ba, don mutumin da ba shi da wata hanyar ci ba zai bar rami saboda sanarwar rediyo ba, sai dai ya ɓoye aikin, wani lokaci ma ya mayar da shi cikin gida inda yara suke. Abin da ya fi amfani shi ne koya wa masu haƙar su jiƙa dutse lokacin niƙa don ƙura ta kwanta, su yi aikin nesa da gari, su yi wanka su sauya tufafi kafin su koma gida. Duk da haka a 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jihar a farkon 2022.

Aikin gida

Na ɗaya: wata ƙungiya ta rubuta sunayen mutum 90 da aka tsare, lauyoyi sun rubuta 40, sunaye 24 sun fito a duka takardun. Ku fitar da adadin da aka sani, da ƙiyasin jimilla, da adadin waɗanda ba a rubuta ba. Ku faɗi dalili ɗaya da zai sa ƙiyasin ya gaza gaskiya.

Na biyu: ƙasar wani gida ta nuna miligiram 6,000 na dalma a kilo. Ninki nawa ke nan na ma'aunin 400?

Na uku: ku zaɓi matsala ɗaya a unguwarku da ta shafi lafiya ko karatun yara, kamar famfon da ya lalace ko ajin da rufinsa ya yaye. Ku ƙirga mutanen da abin ya shafa, cikin mutum nawa, ku binciko ofishin da nauyin ke wuyansa, sannan ku rubuta buƙatarku a jimla ɗaya mai ɗauke da abin da za a yi, da wanda zai yi, da ranar da za a duba. Kada ku rubuta sunan kowa sai da izininsa. Ku kawo aikin ranar darasi na gaba, za mu karanta na kowa a gaban aji, sauran ɗalibai su yi masa tambayoyin jami'i.